Mai Almakashi, Ki Dawo Gefen Hagu

Zuwa ga sanyin idona, wanda ya saura da wanda ya riga ya tafi; zuwa ga inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa har ƙamshi ya tashi; zuwa ga Maman 'yan biyu, wadda 'yan aji ke kira Malama, 'yan ƙungiyar waƙa ke kira Mama, ni kuwa tun ina da gashi a kaina nake kiranta Mai Almakashi.

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kin dawo lafiya, yara ba su cinye miki murya ba. Na san abin da za ki fara cewa: wane irin tsufa ne wannan, mutum yana gida ɗaya da matarsa, amma ya zauna yana rubuta mata wasiƙa kamar ɗan makarantar kwana? To ki yi haƙuri ki zauna. Idan da baki na ɗauko maganar nan, kafin in kai rabi kin miƙe kin ce kin ji ƙaurin tukunya, alhali ko wuta ba ki kunna ba. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Kada kuma ki yi dariyar girman baƙaƙen nan. Kowane harafi ya kai ƙwan kaza, na sani. Alƙalaminki mai kauri na ɗauka, wanda kike zana wa 'yan aji kifi da jirgi a kwali da shi, na kuma zaro tsofaffin takardun tallan fim ɗin nan da kika sha rantsuwa za ki ƙone duk ranar da na yi tafiya, ina rubutu a bayansu. Kin ga ranarsu yau? Kullum kika fita makaranta sai in ja tebur zuwa bakin tagar falo, in karkata kai kamar zakara ya hango shaho, in rubuta abin da ya samu kafin rana ta juya bayan gida. Idan kin ga layi ya hau kan layi, ba wani abu na sha ba. Ki karanta har ƙarshe, kuma ban yarda da tsallake ba, don na san halinki.

Ƙara na kawo, ranki ya daɗe, kuma gabanki na kawo ta, tunda ba ni da wani alƙali. Laifi biyu ne. Na farko tsoho ne, na daɗe da yafe shi, zan ambace shi ne kawai don in ji daɗin bakina: ke ba kya barin kowa ya mutu a labari. Na biyun ne ya hana ni sukuni. Kin san idona na dama ya daɗe da rufewa, na hagu ne ya bar mini 'yar kafa a gefe. Amma tun ranar da muka dawo daga wurin likitan ido kika tashi daga haguna kika koma dama, inda ba na ganin komai. A mota dama, a coci dama, a falo ma kin ja kujerarki kin kai ta dama, wai iskar fanka ce ta fi kai wa can. Ga ɗan hasken da ya rage mini yana ƙarewa a kan labule da kalanda, fuskar da nake so in ƙarar da shi a kanta kuwa ta ɓuya mini a cikin gidana.

Bari in fara da tsohon laifin. Kin tuna ɗakina na sama a tsohon gidan silima? Matakalar ƙarfen nan mai rawa, ƙofar da aka rubuta wa “ba a shiga”, zafi kamar cikin tanda, warin mai da na ƙonanniyar ƙura, majigi biyu a tsaye, ɗaya yana aiki ɗaya yana jiran a miƙa masa. Da 'yar tagar nan da ba ta fi tafin hannu biyu ba, wadda ta nan nake leƙen allo. Ran nan fim ɗin la'asar ne, labarin wani direban jirgin ƙasa mai 'ya'ya ƙanana. An riga an nuna wa 'yan kallo gada ta karye, shi bai sani ba. Ina tsaye ina jiran alamar canjin faifai sai na ji matakala tana girgiza. Kafin in waiga, ga wata 'yar siririya da littafin waƙoƙin coci a hammata ta banko ƙofa ba sallama, tana haki. Ashe daga koyon waƙa kuka biyo da ƙawayenki. Ko sunana ba ki tambaya ba. Cewa kika yi in tsayar da abin nan yanzun nan, tun bai kai gada ba. Na ce baiwar Allah, idan na tsayar, mutanen ƙasa za su tsige kujeru su hauro da su. Kika ce to in yanke wurin, ga almakashi can a rataye, ai kin gani. Na ce wannan na ɗinkin fim ne idan ya tsinke. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, mutum yana riƙe da na'ura a hannunsa, yana kallo a halaka bawan Allah mai iyali, kuma ya koma gida ya iya cin abinci?

Ban tsayar ba, ke kuma ba ki sauka ba. Kika matso kika ture ni da kafaɗa, muka raba 'yar tagar nan, ke a haguna. Jirgi ya nufi gada. Ni na ga faɗuwarsa a makon har na gaji, don haka ban kalli allo ba, ke na kalla. Wayyo, Mai Almakashi! Hasken da ke dawowa daga allo yana wasa a fuskarki, ya yi fari, ya yi shuɗi, ya yi ja, kamar wata a kan tafki idan iska ta taɓa ruwan. Hawaye suna gangarowa, leɓenki yana motsi, ashe addu'a kike yi wa direban. Wa ya taɓa ganin mai yi wa mutumin cikin fim addu'a? Kika laluba kika ɗauki tsumman da nake goge majigi kika share fuska, baƙin mai ya zauna miki daram a kan hanci, ni kuwa na ƙi faɗa miki don kada ki ji kunya ki tafi. Ina can ina kallon hancin nan alamar canjin faifai ta zo ta wuce. Allo ya yi fari fat, ƙasa ta ɗauki fito da ihu, ana ta zagin iyayen mai majigi, bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Mai gidan silima ya hauro da kansa ya wanke ni tas a gabanki. Ke kuwa kika ce masa ya bar ni, alhakin direba ne ya kama ni.

Da na aure ki na ɗauka abin zai ragu. Ina! 'Yan biyunmu sun tashi suna zaton ba a mutuwa a littafi. Duk wanda marubuci ya kashe, ke sai ki ce ya tafi wurin gwaggonsa. Sarki ya tafi wurin gwaggonsa, soja ya tafi wurin gwaggonsa, har da akuya. Sai da macen ta shiga sakandare aka tambaye su a jarrabawa yadda jarumin wani littafi ya ƙare. Ita kuwa ba ta sake buɗe littafin ba, ta dogara da abin da kika karanta musu suna ƙanana, ta rubuta da kyakkyawan rubutunta cewa yana wurin gwaggonsa. Malamin ya aiko a kira uba. Ni na je na kwashi kunyar, ke kina gida kina cewa yarinya ba ta yi ƙarya ba, wa ya san inda gwaggon take?

Shekaru suka tura. Aka rufe tsohon gidan silima, aka zo da na'urorin da ba su da faifai balle almakashi, na dawo gida da takardun talla da ciwon baya. Sai ido ya fara nasa. Da na ce kallo ya ƙare mini, kika ce ba a gidan nan ba. Kowace Asabar da yamma kika riƙa kama hannuna zuwa sabon gidan kallon nan na saman kantuna, mai sanyi kamar firij, ki zaunar da ni, ki lulluɓe mini gwiwa da gyalenki, ki kawo bakinki kusa da kunnena. Ga shi ya shigo, ga ta ta juya baya, rigarta kore ce, uwar ba ta yarda ba, kai wannan mutumin idonsa ba na gaskiya ba ne. Ina da mai fassara, ina da mai sharhi, ina da alƙali, duk a kujera ɗaya. Wane sarki ne ya taɓa samun irin wannan gata? Numfashinki a kunnena ya fi mini kiɗan fim ɗin, kuma wani lokacin da gangan nake cewa ban ji ba don ki ƙara matsowa.

Sai dai kin manta wanda kika aura. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina juya fim, rabin aikina da kunne nake yi. Na san kiɗan aure, na san kiɗan rabuwa, na kuma san abin da ake nufi idan duk kayan kiɗa suka yi shiru aka bar goge ɗaya yana kuka shi kaɗai. Kin tuna fim ɗin tsohuwar nan mai gasa burodi, wadda ramin haƙar ma'adinai ya rufta da ɗanta? Da wani harshe ake magana, fassarar tana gudu a ƙasan allo, ke ce mai karanta mini. Kika ce an ciro shi, ya yi futu-futu da ƙura amma lafiyarsa lau, ga uwar ta rungume shi. Ni kuwa ina jin goge yana kuka, ina jin ƙarar ƙasa tana zuba a kan katako, matar da ke gabanmu tana face hanci kamar za ta cire shi. Na ce a raina, kai, wannan murna ta yi yawa. Sai wani bawan Allah a bayanmu, da ya gaji da jin ƙarya, ya taɓa kafaɗata ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ai binne shi ake yi.” Lokacin kina haguna, don haka na ga hararar da kika juya kika zabga masa. Kika ce, “Da kai aka zo? Wa ya sa bakinka?” Har aka kunna fitilu ban ƙara jin ko tarinsa ba. Ina zaton ta ƙarƙashin kujeru ya fita.

Littattafai ma ba su tsira ba. Wancan mai kauri da kika yi ta karanta mini bayan cin abinci, na malamar asibiti da mijinta matuƙin kwale-kwale, ran nan kika rufe shi bam kika ce shi ke nan, ya dawo gida, suka zauna lafiya. Da kika fita makaranta na lalubo shi a kan kanta. Tsinken gashinki da kike sa alama da shi yana nan inda kika tsaya, bayansa kuwa akwai sauran shafuka da kaurinsu ya kai ɗan yatsana. To me marubucin yake yi da duk wannan takarda, Malama? Sunayen waɗanda suka zo yi musu barka yake jerawa? Na mayar da tsinken inda yake. Gaskiyar magana, sau da yawa ƙarshenki ya fi nasu daɗi, kuma da ke ce kika rubuta duniya da na nemi gida a cikinta tun tuni.

Amma yanzu almakashin ya zo kaina, shi ya sa na kawo ƙara. Ranar da likita ya gama haska idona ya ce in jira a benci, yana so ya yi magana da Mama, na ji yadda ya rufe alƙalaminsa a hankali. Kika daɗe a ciki. Da kika fito kika ce da sauƙi, hazo ne kawai, zai washe idan an ci gaba da ɗiga magani. Muryarki ta hau sama, irin hawan da take yi a coci idan waƙa ta fi ƙarfin maƙogwaronki kina neman kamo ta. Kika zagaya kika kama hannuna na dama. Tun daga ranar komai ya koma “idan ka warke”. Za mu je ganin jika idan ka warke, za a yi wa falo fenti idan ka warke. Tun daga ranar kuma famfon banɗaki ya koyi zuba na tsawon lokaci ba tare da an ji motsin bokiti ba. Maman 'yan biyu, ido ne ya lalace mini, kunnen nan garau yake. Ina jin abin da ke ƙarƙashin ƙarar ruwan.

Don haka makon jiya, kina makaranta, na kira 'yarki ta wurin gwaggo, wadda yanzu ta zama malamar asibiti, na ce ta mayar da ni wurin likitan. Ta fara kame-kame, wai Mama ta ce kada a tayar maka da hankali. Na ce ke, ni na je na karɓi faɗan malaminki, yau ranar biya ce. Ta kai ni. Likitan mutumin kirki ne, bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce jijiyar ce take bushewa, na hagun ma zai bi ɗan'uwansa, maganin yana jinkirta abin ne kawai. Na ce yaushe? Ya ce wannan sai Allah, amma idan akwai abin da nake so in kalla, kada in ɗaga shi zuwa baɗi. Yarinya ta fashe da kuka, ni na koma ina lallashinta. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata. Kin ga ke nan na san ƙarshen fim ɗin, ba sauran abin da za ki yanke.

Ba zan yi miki ƙaryar jarumta ba. Ina jin tsoro. Wata safiyar idan na farka sai in daɗe ban buɗe idon ba, don kada in buɗe in tarar babu bambanci. Wata rana kuma haushi nake ji, in zauna a nan bakin taga in faɗa wa Ubangiji baƙar magana, in ce Kai da Ka buɗe idanun makafi a bakin hanya, ni da na yi shekaru ina zuwa har cikin gidanka fa? Yakan bar ni in gama, ba Ya miƙewa Ya ce Ya ji ƙaurin tukunya. Kuma kada ki ɗauka na daina roƙo. Matan zumuntar coci su ci gaba da zuwa, su cika falo da waƙa, su shanye mana shayi. Fasto ya ci gaba da ɗora mini hannunsa mai nauyin nan har wuyana ya ƙage, zan ce amin da ƙarfi. Wanda Ya yi idon bai manta yadda ake gyara shi ba. Idan Ya ga dama Ya buɗe, ni zan fara rawa a gaban ikilisiya, ki ji kunya ki ɓoye fuska. Amma idan bai buɗe ba fa? In zauna ina kallon labule har fitila ta mutu, ke kina dama kina kuka ke kaɗai, ni ina hagu ina jin tsoro ni kaɗai, kowa yana yi wa ɗan'uwansa wasan kwaikwayo? Haba, abar ƙaunata! Wannan fim ɗin ko kyauta aka nuna shi ba zan shiga ba.

Akwai abin da na koya a ɗakin sama, wanda ban taɓa faɗa miki ba don kada ki ce ina kare marubuta. Idan an tashi daga kallo nakan leƙa ta tagar matakala in ga fitar mutane. Ranar fim ɗin ban dariya, turereniya ake yi a ƙofa, kowa yana neman takalminsa da abin hawansa. Ranar da aka yi mutuwa a allo kuwa a hankali ake fita. Sai ka ga ƙato ya tsaya ya ba tsohuwa hanya, ka ga miji da mata da suka shigo ba sa ga maciji sun fita kafaɗa tana gugar kafaɗa. Sun yi kuka a ɗaki ɗaya, cikin duhu ɗaya, kuma ko sunan juna ba su sani ba. Mu ma ai haka muka fara. Da na bi maganarki na yanke gadar nan, da kin ce na gode kin sauka, da yanzu wani ne yake shan hararar da nake sha.

Kuma ke kanki, Mai Almakashi, akwai labari ɗaya da ban taɓa jin kin sa wa almakashi ba. Wata Lahadi, 'yan biyu suna ƙanana, na zo ajin yara na bayan coci karɓar makullin gida, na tsaya a bakin ƙofa don kada in katse ki. Kina karanta musu wahalar Ubangijinmu. Kamun, da dukan, da tofin, da ƙusoshin. Muryarki tana rawa, amma kina bin layi ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ƙarama mai kitso biyu ta toshe kunne ta ce, Malama, ki tsallake nan, ki je inda Ya tashi. Na ce a raina, yau an zo gidan tsallake, an dace. Sai na ji kin ce, “A'a, 'yata, nan ba a tsallakewa. Zo ki riƙe hannuna mu wuce tare.” Ta zo ta riƙe, kuka wuce, kina kuka tana kuka. Na koma gida ban karɓi makullin ba, na zauna a dakali ina jiranku.

Na daɗe ina juya wannan abu. Ke da ba ki iya barin akuya ta mutu, yaya kika iya wannan? Ina ganin don kin san hannun da ke riƙe da ƙarshen labarin ne, shi ya sa ba ki ji tsoron tsakiyarsa ba. Kuma ki lura, ko da Ya tashi, da tabon Ya tashi, bai ɓoye wa abokansa hannuwansa ba, cewa Ya yi su duba. To ni ma labarina a hannun nan yake, ba a hannun likita ba, ba kuma a naki ba, duk da na san da za a ba ki da kin karɓa da gudu. Sauke kayan nan, 'yar siririyata, sun fi ƙarfin wuyanki. Abin da kika faɗa wa mai kitso biyu shi nake roƙo ki faɗa mini.

Kin san abin da ya fi ba ni tsoro? Ba bango ba ne, na riga na san inda kowane yake, ƙafata ta gaisa da su duka. Ba karatu ba ne, ina da mai karanta mini, ko da rabin littafi take ba ni. Tsorona kada fuskarki ta dushe mini. Wadda na haddace sosai ta yarinyar nan ce mai baƙin mai a hanci. Ta yanzu fa? Furfurar da ta fito miki a gefen kunne, wadda kike turawa ƙarƙashin ɗankwali? Layukan nan biyu na tsakanin gira, waɗanda ni da 'yan aji muka haɗu muka zana? Yadda gefen bakinki yake motsi kafin ki yi ƙarya? Waɗannan ban gama haddace su ba, kullum ina cewa akwai lokaci. Ina so in zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin jarrabawa, in ajiye su inda jijiya ba ta bushewa. Idan da hawaye a kai, a bar mini su haka. Da hawaye na fara ganinta, kuma ban ga abin da ya fi ta kyau ba har yau, ko a allo ko a waje.

Ga sharaɗin sulhu, tunda ni ne mai ƙara kuma na gaji da shari'a. Fina-finai na bar miki su halak malak. Ki tayar da duk wanda kika ga dama, ki ciro kowa daga rami, ki aika rundunar soja guda wurin gwaggonsu, ba zan ce uffan ba, duk wanda ya sa baki daga baya kuma ni zan riƙe miki jaka ki ji da shi. Littattafai ma haka, ki rufe inda ranki ya so. Namu labarin ne kawai na cire daga hannun almakashi. Idan kin ji tsoro ki ce kin ji, in ce ni ma. Idan kuka ya zo, a bar famfo ya huta, ga kafaɗa nan tana zaman banza. Jika kuma wannan watan za mu je ganinsa, fenti kuwa ki zaɓi mai haske, a shafa tun ina iya cewa bai yi kyau ba. Ranar Asabar idan mun je kallo, kada ki wahalar da bakinki da fassara. Ki kalli allonki, ni na san abin da zan kalla.

Ni kuma ga nawa alkawarin, a gaban Wanda ya haɗa mu a ɗaki mai warin mai. Ranar da 'yar tagar nan ta idona ta rufe, ba zan ɓoye miki ba, ke za ki fara ji. Ba zan zama tsoho mai ƙunci ba, sai dai ɗan kaɗan, ranar da kika sa mini riga a bai-bai don ramuwa. Zan ci gaba da cewa ban ji ba don ki matso. Zan ƙaunace ki a duhu kamar yadda na ƙaunace ki a haske, ai dama a duhu na saba aiki. Kuma ranar da aka kunna fitilun da ba a kashewa, aka ce kowa ya buɗe ido, bayan na gaida Mai gida, hagu zan fara waigawa.

Rana ta fara juyawa, baƙaƙen suna gudu daga gabana, takardar tallan ma wannan ce ta ƙarshe. Idan kin juya ta za ki ga jirgin ƙasa da gada. Zan naɗe su duka in ajiye a kan teburin kicin, inda kike fara sauke jaka. Idan kin gama, kada ki wanke fuska, kada ki tsaya gyara ɗankwali. Ki shigo falo yadda kike. Na riga na jawo kujerarki na mayar da ita inda take a da, har na ƙuje ƙwauri a garin ja, don haka kada wahalata ta tafi a banza. Na kashe fanka, ba sauran zancen iska. Na buɗe labule. Ina zaune, na karkata kai, ina jira.

Naki tun daga matakalar ƙarfe, naki har inda ba a rabuwa,
mijinki, Mai Majigi.